Gaba Goma Sha Tara

Haƙa ce sana'ar gidanmu tun kaka.
Daga Garki zuwa Sule Tankarkar
ƙauye nawa na bar wa rijiya.

Na san ƙasa kamar tafin hannuna:
rairayi gaba huɗu, sai jar ƙasa,
sai marmara mai cinye bakin diga,
sannan laka mai sanyin albishir,
mai sa a manta da gajiya.

Amma in na fito na wanke jiki,
na zauna a teburin shayin Nagoda,
hirar ba ta wuce idon sawu:
nawa buhun riɗi a Maigatari,
wa ya sauya sheƙa, wa ya samu taki,
wa ya yi sabuwar waya.

Ran nan a gaba tara na tono tsingaro,
bakin tulu ne, da zane kamar sawun zabo.
Na kawo shi, na ce, "Jama'a,
wace ce ta gina wannan?
Da wane harshe take yi wa ɗanta faɗa?"
Barau ya ce, "In gwal ne mu raba."
Aka kwashe da dariya.

Ban riƙe su ba.
Mai lissafin kuɗin cefane
ina ya ga sararin lissafin zamani?
Ciki ne ke jan linzamin zuciya.

Da Sallau baduku yana raye,
da ya ajiye basilla ya juya tsingaron,
ya ce ban iya gani ba, mu kai dare muna musu.
Shi ne ya taɓa tambaya ta
ina inuwata take jira na in na shiga rami.
Damina uku ke nan da na haƙa masa makwanci,
bai ko kai gaba guda ba,
amma duk ramukana shi ya fi wuya.

Ba mai ce mini "haka ne" nake nema ba,
waɗannan ko a kasuwar Gujungu akwai su.
Ina neman wanda in na ce na cim ma ruwa
zai kurɓa, ya tofar, ya ce, "Da kanwa, ƙara haƙa."
Wanda in na zurma cikin magana
zai tsaya a baki ya riƙe mini igiya.

Jiya a Gidan Bawale, gaba goma sha tara,
laka ta fara tsattsafo tsakanin yatsuna.
Cindo, yaron da ke jan guga,
wanda ban taɓa ji ya haɗa kalma biyar ba,
ya leƙo, kansa baƙi a cikin faifan haske,
muryarsa ta gangaro tana karo da bango:
"Baba, ruwan nan zaune yake yana jiran mu,
ko tafiya yake muka tare masa hanya?"

Diga ta tsaya a hannuna.
Shekara arba'in ina cim masa,
ban taɓa tambayar sa daga ina ba.
Na ce, "Ban sani ba."
Ya ce, "To a jefa kara mana, mu ga ko zai motsa."
Na ce, "Ja ni, yaro."

Daren nan barci ya ƙi.
Na lalubo tsingaron a ƙarƙashin tabarma,
na sa a aljihun rigar aiki.
Zan ga me zai ce da safiya.