Kacalla a Cikin Ido

Bai yi ciwo ba, wannan nake so ku fara ji.
Bai yi ja ba, bai yi kwantsa ba.
Ina ƙirga kuɗin shinkafa ba tabarau,
ina gane motar Auyo tun tana kan gada.

Gefe ne ya fara janyewa,
irin janyewar ruwan fadama da bazara:
ba ka ganin tafiyarsa, sai dai ka ga laka.

Wata Laraba na bangaje randar Barira,
randar da ta shekara goma sha biyu a bakin ƙofa.
Ta ce, "Malam, kai da randa faɗa?"
Muka yi dariya.
Ran kasuwa mai babur ya ɓullo ta hagu,
ban san da shi ba sai da na ji ni a ƙasa,
kwandon tumatir ya zama miya a kan kwalta.
Wannan ba wanda ya yi dariya.

A asibitin Haɗeja likita Zulai ta ɗiga mini magani,
ta matso da shuɗin haske har ya taɓa ƙwayar ido.
Ta rubuta lamba, ta yi shiru, ta sake aunawa.
"Baba, me kake nomawa?"
Na ce shinkafa, damina da rani.
Ta ce, "To, ka riga ni sani.
Ido na da ruwansa, ba hawaye ba, wani na ciki,
kullum yana tsatsowa, kullum yana ficewa.
Bakin magudanarka a buɗe yake, ba abin da ya datse shi,
can ciki ne ta cushe."

Na ce, "Kacalla ke nan.
Ciyawar da ta cinye mana hanyar ruwa.
Ya shigo, ya rasa mafita,
ya kwanta kan shuka har saiwa ta ruɓe."
Ta ajiye biro. "Saiwar ita ce jijiyar gani.
Hawan jinin ido ake ce masa, ko da yake ba jini ba ne."

Na tambayi abin da kowa zai tambaya.
Ta ce ba yana ba ce, da za a yaye gari ya waye.
Abin da ya tafi ya tafi.
Saura muke gadi.

A motar dawowa mahaifina ya faɗo mini a rai,
shekara tara a zaure,
ido garau kamar na jinjiri, ba ya ganin ko fitila.
Mun ce jifa ne.
Mun sayar da sa, mun yi hayaƙi har bango ya yi baƙi,
mun daina gaida Hudu maƙwabcinmu
har aka kai shi makwancinsa.
Ashe abin a gidanmu yake kwana.

Yanzu ɗigo ɗaya bayan lisha.
Barira ke ɗigawa, hannuna rawa yake.
Kwalbar ba ta kai ɗan yatsa ba,
amma tiya huɗu take ci duk wata,
kuma ba ta ƙara mini ko tsinke,
shi ya sa wasu ke jefarwa.
Ni na yashe magudana shekara talatin,
na san ranar da ka huta ciyawa ba ta hutawa.

Na ja Sale ƙanena an auna shi, an kama da wuri.
Isiyaku ya ƙi, wai idonsa ƙalau.
Na ce, ɗan'uwa, nawa ma ƙalau yake.

Da yamma nakan tsaya a kan kunya,
gonar da nake haɗiyewa da kallo ɗaya
sai na bi ta yanki-yanki, ina juya wuya kamar mujiya.
Tana nan dai, kore shar.

Gobe zan je in gaida 'ya'yan Hudu.
Ƙofarsu na hannun hagu.
Sai na waiwaya.