Galan Mai Jan Baki

Ran Laraba suke zuwa, bayan Kuru,
inda tsohon ramin kuza ya zama tafki
muke jan ruwansa zuwa kabeji da karas.
Mota ɗaya, mutum biyar.

Ni Talle, ɗan ci-rani daga Gumel,
wata huɗu ina kwana a bukkar leda,
sanyin Jos ya haddace hanyar haƙarƙarina.

Likita Dachung ya ɗora ƙarfensa a ƙirjina,
ya saurara, ya ce sanyi ne, ya fara rubutu.
Kaneng mai haɗa magani ba ta dube ni ba,
galan ɗin ruwana ta ɗaga, ta sunsuna.
Malamin gona ya karɓa,
ya murje laka da babban yatsa,
sai ga ƙoƙon kai, da ƙashi biyu a gicciye.
Na ce ai na wanke shi sau uku, har da toka.

Suka yi ta musu a gabana da Turanci
kamar dillalai a kan buhun dankali.
Can likita ya ja layi a kan abin da ya rubuta.
Ban taɓa ganin babba ya soke rubutunsa ba
don ƙaramarsa ta yi magana.

Nas Nanret ta ce, me ya hana ka zuwa asibiti?
Na ce, baiwar Allah,
ƙofarku na rufewa da la'asar,
ruwa kuwa sai magariba yake gama zaga kwami.
Yinin da na bari, ba a biya na.
Mai gona ke sayen maganin feshi,
bayana ke goya shi, yana ɗiga.
Ɗalibin da ke bayansu, mai ɗibar jini,
ya rubuta maganata kamar ni ne malamin.

Larabar gaba sai bayan isha suka zo,
da fitila, da allo, da mai gonar kansa
yana ta gyara hula.
Mu goma sha ɗaya a kan buhunan taki.
Aka ce mu dubi gindin kwalba:
ja, a yi nesa; rawaya, a yi hattara.
Barau ya ce iskar nan takan juya da hantsi,
wanda ya yi feshi da asuba ba ya shan ta.
Malamin gona ya ce maimaita,
ya sa a allo, da sunan Barau a gefe.

Tarin ya ragu, bai tafi ba.
Safar hannun ta yage a kwana tara.

Amma akwai kati a aljihuna, cikin leda,
hannu biyar sun taɓa shi.
Idan hadari ya haɗo na koma gida
zan miƙa shi a ɗakin shan magani na Gumel.
Galan ɗin kuma na huda gindinsa da ƙusa
don kada yaron wani ya tsinta.