Yatsun Tankari

Mun bar Jiratawa rana ba ta yi ƙwari ba,
ni da Baba da Cima 'yar autata,
a bayan mota, tsakanin buhunan zogale.
Baba ya sa rigarsa ta zuwa Idi.
Ya ƙi fura, ya ƙi goro,
sai murza babban yatsansa yake yi
kamar mai lissafin tsohon bashi.

Shekara hamsin da 'yan kai
rabonsa da ƙofar fada.
Yaron magini ne a lokacin,
shi ke taka ƙasa har ƙaurinsa ya tsage,
shi ke cilla tubali sama a cafe.
Ranar da aka gama yaɓen zaure na biyu,
in ji shi, sai da ya faki idon maigidansa
ya danna yatsu biyar a jiƙaƙƙen bango,
can ƙasa, bayan ƙyaure.
Da wannan labarin aka yaye mu.

Maradi ta tarbe mu da hayaƙin kabu-kabu.
A bakin fada muka tuɓe takalma,
ƙasa ta riga ta ɗau zafi,
Cima na ɗaga ƙafa kamar zakara a kan garwashi.

Wani dogari, Barmo sunansa,
ya ja mu ciki yana jero sarakuna,
wane ya gaji wane, wane ya yi shekara kaza,
ga tambari, fatarsa ta yi baƙi don tsufa,
ga takobin da ba a zare shi sai da dalili.
Sanyin zauren ya sauko mana a kafaɗa.
Jemage ɗaya ya motsa a tsakanin azara.
Ni ina kallon sama.
Baba yana kallon ƙasa.

Zaure na biyu.
Siminti.
An shafe shi sumul, an bi shi da koren fenti,
har da makunnin lantarki a gefen ƙofa.
Baba ya tsaya.
Ya shafa bangon da tafin hannu
yadda ake shafa goshin mai zazzaɓi.
Ya ce, "To. Aiki ya yi kyau."
Ban taɓa jin yabo mai nauyin wannan ba.

Barmo ya wuce gaba da sarakunansa.
Cima ce ta maƙale a baya,
ta tura kai bayan ƙyaure tana neman ƙadangaren da ya tsere mata.
"Kaka, nan bangon ya ɓare!"

Faɗin faifai, ba ƙari.
Siminti ya faɗi, tsohuwar makuba ta leƙo,
ja, da ɗan karan ciyawa a cikinta,
da gurbi uku, ko huɗu in an matsa ido.
Baba ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara.
Ya kai yatsunsa.
Ba su shiga ba.
Sun yi kauri, sun karkace, gurbin ya yi musu kaɗan.

Ya daɗe a nan.
Sannan ya kamo hannun Cima ya ɗora,
yatsunta suka zauna daram.

Na ce, "Baba, naka ne?"
Ya ce, "Mu goma sha ɗaya ne yaran.
Wa ya san abin da sauran suka yi
da maigida ya juya baya?"
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
dogari ya leƙo ya ce a rage murya.

Da la'asar muka sayi ƙuli-ƙuli a tasha.
Cima ta yi barci ba ta riƙe sunan sarki ko ɗaya ba.
Mota na gangarawa wajen gulbi,
na ga jar ƙasa a ƙarƙashin farcen Baba.
Da muka isa gida na kawo masa buta,
ya ce in ajiye tukuna,
magariba da saura.