Wata Shida

Ranar da suka kafa allon a filin Garin Malam
Kiyari yana rarrafe.
An zana lilo, an zana ciyawa kore shar,
ƙarƙashi an rubuta: wata shida.

Yanzu Kiyari ne ke karanta mani allon
in ya taso daga lakwal,
sauran haruffan da rana ba ta cinye ba.

Ramuka huɗu aka haƙa mana.
Damina ta cika su, sauro ya tare,
rodi ya tsiro a bakinsu, ja da tsatsa.
Tulin yashi kuwa,
masu amalanke sun san inda ya kwana.

Ran Laraba ƙwallo ta faɗa rami na uku,
'yar Habsu ta bi ta.
Ɗinki bakwai a ƙauri, allura, jika huɗu,
kuɗin ruwan gidansu na sati biyu.

Mun je mairi mu tara, da mayafan fita unguwa.
Aka ba mu benci.
Aka ce ɗan kwangila yana Yamai,
aka ce takarda tana bisa tebur,
aka ce a gaida yara.

Da la'asar Barmu mai faci
ya rataya tsohuwar taya a reshen bedi.
Layi har bakin titi,
inda kabu-kabu ba ya rage gudu.

Ina tuyar awara,
ido ɗaya a kasko,
ɗaya a kan igiyar nan da na san shekarunta:
ta gugan rijiyarmu ce,
tun kafin ta ƙafe.