Gonar Gyaɗar Babana

A nan da kuke layin karɓar kati,
gyaɗar babana ce a kwance, shekarun baya.
Ina riƙe da akuyarsa ran da Lawan ya zo
da mutum biyu da igiya, suna awon ƙasa.
Baba ya ce, "Ku ɗiba har gindin tsamiya,
amma tsamiyar tawa ce."

Kafin nan, sai Garwa.
Yini guda a amalanken shanu, in Binuwai bai cika ba.
Ƙanwata Astajam a hanya ta cika.
Aka juyo da shanun, ba wanda ya ce uffan.

Ɗaki biyu muka fara tayarwa, na jar ƙasa,
kowane gida tubali ɗari, kowace mace tulu goma.
Malam Hamajoda ya iso a kan keke
da akwatin ƙarfe da fitilar ƙwai,
yana dafa allura a butar shayi.
Muka rantse ba mai soka mana ƙarfe a jiki,
sai da kububuwa ta sari Jaɓɓo a gonar auduga,
ran kasuwa muka gan shi yana ɗingishi, yana taya goro.

Wa ke da sefa da damina?
Aka rubuta mu a littafi, kaka ta zo ta biya:
zazzaɓi tiya uku ta masakuwa,
haihuwa kwandon albasa.

Shekarar amai da gudawa gadaje suka ƙare.
Muka shimfiɗe mutane a ƙarƙashin tsamiya,
ledojin ruwa na lilo a rassanta.
Goma sha bakwai muka binne, ina riƙe da sunayensu.
Sauran suka tashi, suka nemi fartanya.

Yau rufin kwano ne, da faifan hasken rana,
firiji na gurnani yana gadin rigakafi.
Likitar kuwa Dudu ce, jikar Jaɓɓo,
a ɗakin can na kudu aka yanke mata cibiya.
Jiya ta matse mini dantse, ta ce in rage gishiri.
Na ce to.

Abin da ban faɗa mata ba:
bayan ɗakin magani, inda ruwan wanki ke gangarawa,
duk damina gyauron gyaɗa na fitowa.
Nakan zo da asuba, kafin maigadi ya farka,
in yi masa huɗa.