Kwat Ɗin Baba

Iskar Punta Arenas ba ta san sallama ba.
Da asuba ta faɗo filin jirgi,
ta danne fikafikan jirginmu
kamar kazar da za a yanka.
Aka ce mu jira awa guda.
Awar ta haihu, 'ya'yanta ma suka haihu.

Ina zaune rungume da koren akwati.
A ciki kwat ɗin Baba ne, mai ruwan toka,
wanda ya aiko mini tun watan Mayu:
"Eduvina, rage mini kafaɗa, na fara komawa yaro."
Na ce gobe.
Goben ta yi wata biyar.
Sai daren jiya, da Nibaldo ya kira yana haɗiye magana,
na hau keken ɗinki har gari ya waye,
na rage kafaɗar, na maida maɓallin da ya faɗi.

A bakin ƙofa wata yarinya mai jan baki
ta auna akwatin da ido.
"Sama ta cika, sai dai ƙasa."
Na ce kayan mamaci ne.
Ta ce Allah ya ji ƙansa, ta liƙa masa lamba,
murmushinta bai ko motsa ba.

Muka tashi. Jirgi ya riƙa sheƙe mu
kamar tsaba a faifai.
Kofi ya ƙona mini cinya,
na gabana ya kwanto kujerarsa bisa gwiwata,
wata tsohuwa ta damƙe hannuna tana kiran waliyyanta ɗaya ɗaya,
ban san sunanta ba har yau,
amma farcenta ya bar mini shaida.

Can matuƙi ya yi gyaran murya:
ruwa ya rufe Puerto Montt, sai Santiago.
Na leƙa taga, ba komai sai gajimare.
A ƙarƙashinsa Baba na kwance a falo tsakanin kyandir huɗu,
ni kuma na wuce ta kansa
da bel ɗaure a ƙugu.

Kwanan Santiago a kan tayil muka yi shi.
Suka ba mu takardar burodi da shayi,
mai shayin kuwa ya rufe tun tara.

Washegari, Puerto Montt.
Kaya suna zagayawa, kowa na tsintar nasa.
Keken jariri ya fito. Kwalin kifi ya fito.
Na tsaya har injin ya gaji ya yi shiru.
Wani saurayi ya miƙo fom:
launi, nauyi, abin da ke ciki.
Ya ɗora biro a layin ƙarshe, ya ce,
"Kuɗinsa zai kai nawa?"

Ƙarfe uku aka binne Baba a Calbuco.
Maƙwabcinmu Baldomero ya tuɓe nasa kwat a tsakar gida,
ya tsaya cikin yayyafi da 'yar shara.
Hannun rigar ya yi wa Baba tsawo,
ya rufe yatsun da suka shekara hamsin suna ɗinkin koma.

Ran kwana tara mota ta tsaya a ƙofa.
Ga koren akwati, ƙafa ɗaya a karye,
wuyansa cike da takardu: Lima, Asunción.
Baba, kai da ba ka taɓa wuce Chiloé ba,
ga rigarka ta ga duniya.

Da yamma saƙo ya shigo waya:
daga ɗaya zuwa biyar, yaya kika ji daɗin tafiyarki?

Na kai wa Baldomero kwat ɗin.
Kafaɗar ta matse shi, maɓalli ba ya kaiwa.
Na ce kawo in buɗa maka.
Ya ce a'a, bar shi yadda kika yi wa mai shi.
Duk Lahadi haka yake wucewa coci,
hannuwa a ɗan ɗage,
kamar mai shirin tashi.