Takalman Hamdiya

Ranar Laraba ta kawo mini su a baƙar leda,
daga tarin gwanjon Kejetiya:
takalma masu nauyin turmi,
na hagun ya buɗe baki yana hamma.
"Baba, ka ɗinke. Da su zan hau."

Shekara talatin da ɗaya ina rumfar nan ta Aboabo.
Na ɗinke silifas ɗin 'yan dako,
na sa wa takalmin ɗan sanda dunduniya,
ban taɓa riƙe wanda ya san ƙanƙara ba.
A tsagar tafinsa na ciro tsakuwa ɗaya, ruwan toka,
ba ta ƙasar nan ba ce.
Na jefa ta a gwangwanin ƙusoshi.

Ta ce ƙasar sunanta Nepal.
Ta ce dutsen ya wuce gajimare,
ya baro shi ƙasa kamar shanyar da aka manta.
Ta ce a can iska ce ke tsada:
ka buɗe ƙirji duka, a auna maka rabin mudu.
Na ce, to wa ya aike ki?
Ta yi dariyar uwarta, ba ta amsa ba.

Wata biyar ke nan, in ta tashi aikin dare a asibiti,
sai ta goya jaka cike da robobin ruwa,
ta hau bene, ta sauko, ta hau,
har masu shara sun daina tambaya.
Adashin da na zaci na fili ne,
ashe na dutse ne.

"Dole kafin daminarsu," in ji ta.
"Ƙarshen Afrilu zuwa Mayu,
jajayen furanni sun buɗe a gindin dutse, sama a wanke.
In Yuni ya shigo, ruwa ya ja ƙofa,
hanya ta zama kunu, matsattsaku su fito kiwo."
Tana faɗa, ruwan Kumasi na dukan kwanon rumfata
sai da ta ɗaga murya.
Mu tamu ta sauka tun Maris.
Ashe ruwan sama ma
ba rana ɗaya yake sallama a kowane gida ba.

Kakana da ƙafa ya iso garin nan,
wata uku a bayan jakuna,
amma shi ya san goro zai ɗaure ya koma.
Ke me za ki sauko da shi?
"Ba komai, Baba. Zan tsaya, in duba, in juyo."
Ɗanjimma mai shayi ya ce ciwon ƙoshi ne.
Na ce ya kula da tukunyarsa, tana zuba.

Da dare na shafa wa zare kaki,
na bi da basilla, layi biyu,
inda na saba yin ɗaya a biya ni.
Da na gama, ban san me ya kama ni ba,
na cusa ƙafata, ta matse,
na fita bayan ruwa ya ɗauke,
na hau matakalar gidan Alhaji Gariba, hawa uku.
A na biyun gwiwa ta yi ƙara.
A saman na tsaya ina haki,
fitilun Asawase a ƙarƙashina, jiƙaƙƙu, suna rawa,
unguwar da na ƙare ƙuruciya a cikinta
ban taɓa ganin bayan kanta ba.
Na jima.
Ban ɗauko komai ba. Na duba, na juyo.

Gobe da asuba motar Ankara za ta tashi.
Na goge su da man kaɗe, na sake igiya.
Sai na zazzage gwangwanin ƙusoshi,
na lalubo tsakuwar nan,
na mayar da ita tsagarta, na danna da babban yatsa.
Ta daɗe a baƙunta.
Hamdiya, in kin kai, ki buga ƙafa sau ɗaya,
ki bar ta a gidansu,
ke ki dawo naki
kafin ruwa ya ja ƙofa.